Ruwa da Wuta a Gaban Shari'a, Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

 Tun da ya ke an shirya wannan ɗan littafi don tunawa da aikin magabata, ya kamata a ba da labarin wani iko da ya taɓa zama a hannun hukumar gari, ya fita, har wa yau kuma ana ta kai da kawowa a kansa gaban alƙalai. Ikon nan shi ne na ruwan famfo da wutar lantarki, da sauran abubuwan da a ke ja ta waya ko ta bututu a kai gidajen mutane.

Wanda ya tsaya a bakin hanya a Zabi, ko Samaru, ko cikin Sabon Gari, ya ɗaga kai, zai ga turken wuta a kafe a gefen titin da ƙaramar hukuma ke lura da shi. Wayar da ke bisansa ta kamfani ce. Kuɗin wutar da ke gudu a cikinta wata hukuma ce ta sama ke yanke shi. Bututun ruwan da ke binne ƙarƙashin ƙafarsa kuwa na gwamnatin jiha ne. Amma ran da taransifoma ta ƙone, ko famfo ya ƙafe, talakawa ba su san kowa ba sai mai unguwa, da dagaci, da hakimi, da ofishin ƙaramar hukuma. Watau kuka yana zuwa inda iko ya riga ya tashi. To, ga yadda aka yi haka ta faru, da abin da kotuna suka faɗa a hanya.

Kafin famfo

Kafin zuwan Turawa mutanen Zariya da ƙauyukanta rijiya su ke sha, da kududdufi, da kogunan Kubanni da Saye da Galma. In dare ya yi kowa ya kunna aci-balbal ɗinsa. Idan gardama ta tashi a kan rijiya ko mashaya, sai a kai wa mai unguwa, in ta gagare shi a wuce gun alƙali. Malamai kuwa sun riga sun shimfiɗa ƙa'ida, cewa ruwa da makiyaya da wuta abin tarayya ne ga jama'a. Wanda ya haƙa rijiya shi ya fi cancanta da ita, amma ba ya hana mai ƙishirwa abin da ya ragu bayan bukatarsa. Abin lura a nan shi ne mai ruwa, da mai sha, da mai hukunci tsakaninsu, duk 'yan gari ɗaya ne, ƙarƙashin doka ɗaya.

Gari biyu, doka biyu

Jirgin ƙasa ya raba wannan haɗin kai. Sa'ad da dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, sai baƙi suka taru a gefen tasha, ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da wasu ƙasashe, Sabon Gari ya kafu. Dokar garuruwan Bariki ta 1917 ta sa shi a hannun Bature, wanda Hausawa ke kira Joji, birni kuwa yana hannun Sarki da alƙalansa. A 1922 aka kafa gidan gona na gwaji a Samaru, shi ma da nasa ma'aikata da nasa shugabanni. Sai wajen 1940, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e.

Wani abu kuma da ya fi wannan nauyi shi ne iyakar ikon alƙali. Kotunan ƙasa ba su da iko bisa Turawa, ko kamfanoninsu, ko Gwamnati. Mai ƙara da su sai ya nufi kotun Bature, inda bayan gyaran da aka yi a 1933 a ke da majistare da babban joji, lauyoyi suna tsayawa, ana aiki da rubutacciyar doka ta Ingilishi. Tun ran nan aka san cewa duk lokacin da ruwa ko wuta ya faɗa hannun kamfani ko Gwamnati, to, hukuncinsa ya fita daga zauren alƙali ke nan.

Sa'ad da En'e ta ke da ruwa da wuta

Duk da haka akwai zamanin da En'e ta riƙe abin da hannunta, gama tana da baitulmali, tana kuma da ajiya. Kano ce ta yi fice. Da kuɗin baitulmalinta, fiye da fam 300,000, aka gina gidan ruwa da na wuta a bakin kogin Challawa, aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. En'e ta Katsina ma ta kafa nata injin wuta, haka kuma hukumomin Ibadan da Abeokuta a Kudu. A Zariya Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati ce ta kawo wuta a 1938, bayan ta kai Kaduna a 1929. Gidan ruwa na farko kuwa an buɗe shi a 1939. A can Jos, kamfanin NESCO ya fara ba masu haƙar kuza wuta daga 1929, da ƙarfin ruwan Kurra, izninsa kuwa daga Gwamnati ya fito.

A wancan zamani rigimar ruwa da wuta ba ta cika kai hukumar gari gaban joji ba. Inda En'e ke da injin, ita ce mai kaya, ita ke yanke kuɗi, malamanta ke karɓa da rasit, wanda ya ƙi biya kuma alƙalinta ke hukunta shi. Aiki ya kan yi sauri, gama mai gyara yana yadi, mai ba da umurni yana fada, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce. Amma gaskiya ɗaya ce, tsarin nan yana da aibinsa. Talakan da aka zalunta a lissafi, gun wa zai kai ƙarar mai kaya, alhali mai kayan ne ya naɗa alƙalin? Ita kanta En'e ba ta da sakin hannu, don kasafin kuɗinta sai Razdan ya duba, Kaduna ta amince. Kuma famfo da fitila sun fi yawa a Bariki da manyan hanyoyi, ƙauyuka irin su Zabi suna nan da rijiyoyinsu.

Darasi daga Ikko

Tun kafin famfo ya iso Arewa, mutanen Ikko sun riga sun ɗanɗana rigimarsa. A 1908 Gwamna Egerton ya kawo shawarar a ɗora wa mutanen gari kuɗin ruwa don a gina famfo. Suka ce su rijiyoyinsu sun ishe su, Turawan da ke bukatar famfo su biya. Sarkin Ikko, Eleko Eshugbayi, ya goyi bayan mutanensa, dubbai suka yi tattaki har gidan Gwamna. An buɗe gidan ruwa na Iju a 1915, aka kuma yi tarzoma a kan kuɗin a 1916. Daga nan zama ya ɓaci tsakanin Eleko da Gwamnati, wasu dalilai suka ƙaru, har aka tuɓe shi a 1925 aka kai shi Oyo.

Ƙararsa ta kai Ingila sau biyu, gaban majalisar Sarki mai yanke ƙarar ƙarshe ta ƙasashen da Ingila ke mulki, a 1928 da 1931. Ƙarar kan tuɓewa da kora ce, maganar kuɗin ruwa ba ta cikinta. Amma hukuncin 1931, wanda alƙali Atkin ya karanta, ya kafa wata ƙa'ida da ta shafi kowane mai riƙe da muƙami: mai mulki, ko da Gwamna ne, ba shi da ikon taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa sai in zai iya nuna wa kotu dokar da ta ba shi izni. A shekarar nan Gwamna Cameron ya bar Eleko ya koma gida. Ku riƙe ƙa'idar nan, gama ita ce igiyar da ta ɗaure duk shari'un da za su biyo baya. Joji ba ya fara tambayar wa ya fi kusa da jama'a, ko wa ya fi tausayinsu. Tambayarsa ta fari ita ce, ina aka rubuta?

Yadda ta kasance a ƙasashen Turawa

Kada a zaci rigimar nan a ƙasarmu kaɗai ta ke. A Amurka, jihar Illinois ta yanke iyakar kuɗin da masu manyan rumbunan hatsi na birnin Shikago za su karɓa, masu rumbu suka ce an shiga dukiyarsu. A 1877 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce wanda ya sa dukiyarsa cikin sana'ar da jama'a duka suka dogara da ita, ya yarda ke nan hukuma ta sa masa iyaka. A Ingila kuwa dokar wutar lantarki ta 1882 ta ba hukumomin garuruwa damar saye injin kamfani bayan shekara 21. Masu kuɗi suka ja baya, suka ce wa'adin ya yi kaɗan, har aka ƙara shi zuwa shekara 42 a 1888. Daga ƙarshe a 1948 Gwamnatin Ingila ta karɓe wutar ƙasar gaba ɗaya, ta garuruwa da ta kamfanoni. Iskar nan ce ta kaɗo har Nijeriya.

Yadda iko ya fita

A 1950 aka yi dokar kafa hukumar wutar lantarki ta ƙasa, ECN, ta fara aiki a watan Afrilu na 1951. Ta karɓi injunan Gwamnati, har da na Zariya, ta karɓi na En'e, har da na Kano da Katsina. Hujjar da aka kawo tana da ƙarfi: injin gari guda ba ya isar masana'antu, kuma wayar da za ta ratsa larduna ba ta yiwuwa a hannun hukumomi barkatai. A 1962 aka kafa hukumar madatsun kogin Kwara, aka gama madatsar Kainji a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗa hukumomin nan biyu aka sami NEPA.

Cikin shekarun nan kuma aka zare wa En'e sauran sandunanta. A 1968 kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatocin jihohi da sunan kotunan yanki, 'yan doka da gidajen yari suka bi baya zuwa hannun Tarayya. A farkon shekarun 1970 jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama jihar Kaduna, ta kafa hukumar ruwa, aka kuma gina sabuwar madatsa da gidan ruwa a kan Galma a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, ta datse Kubanni ta yi nata ruwan. Da gyaran 1976 ya zo, sunan En'e kansa ya kau, ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. Cikin shekara 25 hukumar gari ta tashi daga mai kaya ta koma mai biyan kuɗin wuta kamar kowa.

Abin da aka bar mata an jera shi a jadawali na 4 na tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999. A ciki akwai gina tituna da gyaransu, da fitilun kan titi, da magudanun ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da lura da allunan talla, da ƙimanta gidajen da ba na gwamnati ba don karɓar harajin gine-gine bisa yadda majalisar jiha ta tsara. Ba a ambaci yanke kuɗin wuta ko ba kamfani lasin ba. A kan iyakar jadawalin nan a ke yawancin faɗan.

Abin da kotuna suka yanke

Shari'a ta fari daga Kano ta fito, kuma ƙaramar hukuma ce ta ci ribarta. Gwamnatin jihar Kano ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin masu ƙimanta gidaje, Knight Frank and Rutley, don ya ƙimanta gine-ginen birnin saboda haraji. Da saɓani ya shiga tsakaninsu maganar ta hau har Kotun Ƙoli, ta yanke a 1998 cewa aikin nan tsarin mulki ƙananan hukumomi ya ba, jiha ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya a kansa, don haka yarjejeniyar ba ta tsaya ba. Kamfanin nan ba na wuta ko ruwa ba ne, amma hukuncin ya shafe su, gama harajin gine-gine shi ne babbar ƙofar da ƙaramar hukuma ke bi ta nemi kuɗi gun masu ofisoshi da tashoshi a ƙasarta.

Ta biyu ta nuna inda ƙofar ke rufewa. A 1998 gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 21, ta jera harajin da Tarayya, da jiha, da ƙaramar hukuma kowace za ta karɓa. Ƙaramar hukumar Eti-Osa ta Ikko ta ƙago wani kuɗi bisa masu harkar kasuwanci wanda ba ya cikin jerin, ta yi masa dokar gida. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi, ta ce ƙaramar hukuma ba ta ƙirƙirar haraji don kanta. Abin mamaki, ita dokar ta 1998 ma ba ta tsira ba. A 2020, cikin ƙarar da ƙaramar hukumar Uyo ta kai gwamnatin jihar Akwa Ibom, kotun nan ta ce dokar ta ɗora kanta bisa tsarin mulki, don haka ba ta da tushe. Ashe mai dokar barci ma ya kan yi gyangyaɗi.

Ta uku kan kamfanonin wayar salula ce. Jihar Ikko ta yi doka a 2004, ta kafa hukumar da za ta ba da izni ta karɓi kuɗi kafin a kafa dogayen turakun sadarwa ko a binne waya. Ƙungiyar kamfanonin ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya. Jihar ta dogara da cewa tsara birane aikinta ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar mata a 2003. Amma a 2007 Mai shari'a Ibrahim Auta ya yanke cewa sha'anin sadarwa na Tarayya ne ita kaɗai, ta kuma riga ta yi masa doka da hukuma, saboda haka jiha ba za ta fake da tsarin birni ta mallaki sana'ar ba. To, in jiha da majalisarta da lauyoyinta ta faɗi a wannan, ƙaramar hukumar da ta aika yara da kwaɗo su kulle turken kamfani, ina za ta tsaya?

Ta huɗu kan inda a ke kai ƙara ce. A 2002, cikin shari'ar NEPA da waɗansu ma'aikatanta da ta sallama, wadda aka fara a babbar kotun jihar Neja, Kotun Ƙoli ta ce ƙarar da ta shafi yadda hukumar Tarayya ke gudanar da aikinta Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da ikon ji. Duk wahalar da aka sha a kotun jiha ta tashi a banza. A 2005, cikin wata ƙara da ta shafi matatar mai ta Kaduna, kotun ta sassauta, ta ce ciniki na yau da kullum ana iya jinsa a kotun jiha. Darasin dai shi ne mai gaskiya ya kan faɗi in ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Zamanin kamfani

A 2005 aka yi dokar gyaran harkar wuta, NEPA ta zama PHCN, aka rarraba ta, aka kafa hukumar NERC mai ba da lasin da yanke farashi. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa. Na Kaduna, mai ba jihohin Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ya biyo baya a ƙarshen 2014. Wannan ya ta da tsohuwar tambaya da sabuwar fuska. Da, ofishin wuta gidan Gwamnati ne. Yanzu da ya koma na 'yan kasuwa, hukumomin jiha da na gari suka ga wurin neman haraji, kamfani kuwa ya ga waɗanda ya ke bi bashi.

An ga ƙarshen wannan a Kaduna a watan Agusta na 2024. Hukumar tara harajin jihar ta kulle babban ofishin kamfanin wuta, ta ce tana binsa naira miliyan 600, ta ce kuma da umurnin kotu ta zo. Kamfanin shi kuma ya yanke wutar gidan gwamnati da wasu ofisoshin jiha, ya ce yana bin su naira biliyan 2.9. Ɗaya na riƙe da kwaɗo, ɗaya na riƙe da almakashi. Ba a daɗe ba aka zauna aka daidaita. In haka ta faru tsakanin kamfani da jiha, ƙaramar hukuma sai ta auna ƙarfinta tun kafin ta ɗauki kwaɗo, musamman in ita ma akwai takardar bashin wuta a teburin ma'ajinta.

Amma ƙafar da ta yi shekara 70 tana hawa ta fara saukowa. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon yin dokar wuta ko a inda babbar wayar ƙasa ta kai, abin da a da aka hana su. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki. A 2024 jihohin Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ikon lura da kasuwar wutarsu daga NERC, wasu suka bi. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a ba su kai tsaye daga asusun Tarayya, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta sani. Sai dai a lura, dokokin 2023 a hannun jiha suka tsai da ikon wuta, ba su sauko da shi ofishin ƙaramar hukuma ba. Duk abin da zai iso gare ta sai ta hanyar dokar majalisar jiha.

Abin da ya rage a hannu

To, 'yan'uwa, in an tattara labarin nan, abu ɗaya ya ke nunawa. Tun daga ƙarar Eleko har zuwa ta Kano da ta Eti-Osa, hukumar gari ta ci nasara inda ta zo da rubutaccen iko, ta faɗi inda ta zo da al'ada, ko buƙata, ko ƙarfin tuwo. Wanda ya ce ai ƙasarmu ce, kakanninmu ke hukunci a nan, ya faɗi gaskiya, amma joji zai ce masa ya nuna sashe da lamba.

Saboda haka ma'aikacin da aka aika karɓar kuɗi gun kamfani, ya fara neman dokar jiha da ta tsara kuɗin, da dokar gida da majalisar ƙaramar hukuma ta zartar, da takardar ƙimar ginin. In ɗaya babu, ya koma ya gaya wa na gaba da shi, don kuɗin lauya da diyyar da kotu za ta ɗora daga aljihun talakawa za su fito. Kada a kulle wurin kowa sai da umurnin kotu. In kamfani zai fasa titin ƙaramar hukuma ya binne waya ko bututu, a rubuta sharaɗin gyara tun kafin a sa diga, gama titi yana cikin abin da tsarin mulki ya ba ta. A sa wa gidajen Zabi da Samaru da Sabon Gari lamba, a raɗa wa lunguna suna, don gidan da ba shi da lamba shi ne a ke yi wa lissafin wuta da ka, shi ne kuma ba ya shiga kundin haraji. In talakawa sun kawo kukan wuta ko ruwa, kada a sallame su da cewa ba aikinmu ba ne. A rubuta kukan da kwanan wata da sunan unguwa, a aika ga kamfani, in bai amsa ba a wuce gun hukumar da ke lura da shi, a ajiye kwafi.

Wannan kuwa ba baƙon aiki ba ne ga gidan nan. Malaman En'e na da, masu zama kan tabarma da alƙalami da tawada, abin da suka fi ƙwarewa a kai ke nan: kundin haraji, da littafin rasit, da lissafin baitulmali da ba a rufewa sai kwabo ya hau kan kwabo. Injin wuta ya fita daga hannunsu, gidan ruwa ya fita, kotu ta fita, amma wannan gado yana nan ga wanda ya so ɗauka, kuma shi ne abin da alƙalan yau ke tambaya.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa dattawan da suka rage lafiya, ya ba masu riƙe da aiki yanzu ikon tsare amanar jama'a. Allah ya ja zamanin Sarki. Amin.